Maganar Gindin Tsamiya

Sau uku dangin Sefnat suka yi zaman naketi a kan faɗuwarsa, sau ukun kuma aka tashi ƙafafunsa na nan miƙe a ƙarƙashin bargo, ko yatsa ɗaya bai motsa ba.

Mu a tudun nan na bayan garin Soe, ruwa ba ya tsami banza. In naƙuda ta yi tsawo, ko yaro ya ƙi jin magani, ko mutum ya faɗo daga bishiyar da yake hawa tun yana ɗan shekara bakwai, to wani a cikin dangi ya yi wani abu, kuma sai an zauna an tono shi, mai shi ya furta da bakinsa, sannan sauƙi zai sami hanyar shigowa. Wannan zaman tonon shi muke kira naketi. Kakanninmu suna yin haka tun kafin a kafa ginshiƙin coci na farko, mu ma ba mu daina ba, sai dai yanzu da addu'a ake buɗe zaman, da ita ake rufewa. Ban ce abin banza ba ne. Na ga wa da ƙani da suka shekara goma ba sa ga-maciji sun rungume juna a irin wannan zama. Amma na ga inda aka duƙufa tono har aka manta marar lafiyan yana kwance a gefe yana jin ƙishirwa.

Kawu Tobias, ƙanin mahaifiyar Sefnat, shi ke jan zaman, don a wurinmu maganar kawu ita ce gaba. A zama na farko aka tuno da dutsen iyaka da marigayi mahaifin Sefnat ya matsar taku biyu cikin gonar maƙwabci, washegari aka je aka mayar da shi. A na biyu ƙanwar Sefnat ta yi kuka ta ce ta taɓa ɗaga wa uwarsu murya. A na uku abin tono ya ƙare, har akuyar da ta ci ganyen rogon wani shekara huɗu da suka wuce sai da aka shigo da ita, alhali an daɗe da cinye akuyar. Kowa ya zazzage cikinsa tas, in ban da mutum ɗaya.

In layi ya zo kan Nelci, matar Sefnat, sai ta sunkuyar da kai ta ce ta taɓa fashin coci ranar Lahadi ta zauna saƙa.

"Shi ke nan?" in ji Kawu Tobias.

"Shi ke nan, Kawu."

Surukarta Mama Yosina ta juya ta tsartar da jan yawun pinang, irin goron nan namu mai rina baki, ta ƙofa.

Ga abin da Nelci ta danne. Lokacin tsamiya ne, su biyu suka tafi gindin babbar tsamiyarsu da ke bakin kwari, shi yana sama yana karkaɗo rassa, ita tana ƙasa tana tsincewa a buhu. Shekararsu goma sha ɗaya da aure, kuma duk ƙauyen an san a kan tsokana aka gina shi. Nelci baki gare ta. In Sefnat ya yi aski ta ce kansa ya koma kwakwar da aka fere, in ya ja waƙa a coci ta ce 'yan maruƙan garin sun zaci uwarsu ce ke kira. Shi kuma ya rama iya ƙarfinsa, ya sha kaye, ya yi ta dariya har da riƙe ciki. To ranar, ya fara saukowa ke nan sai ta ɗaga kai ta hango wani reshe can ƙoli ya sunkuyo da 'ya'ya.

"A'a, tsufa ne ya zo haka da wuri? Ga reshe can ka bar wa birai sadaka?"

"Ke dai buɗe buhu," ya ce yana dariya, ya koma sama.

Ba ta ga karyewar reshen ba, ji ta yi. Har yau in itace ya fashe a murhu sai ta waiwaya a firgice.

Sati uku suka yi a asibiti a birnin Kupang. Likita ya ce ƙashin baya ne, ya yi dogon bayani wanda ƙarshensa shi ne a koma gida a jira ikon Allah. Aka dawo da Sefnat kwance a kan katifa a bayan motar ɗaukar kaya. Babu wanda ya san abin da aka faɗa a gindin tsamiya sai su biyu, shi kuma bai taɓa tayar da maganar ba, wannan shirun nasa ma ya fi komai cin ta.

Tun daga ranar ta kulle bakinta. Aiki kam ba a magana. Ta juya shi sau huɗu a yini kada bayansa ya yi gyambo, ta wanke shi, ta murza masa man kwakwa tun daga cinya har tafin ƙafa, ta gangara kwari ɗibar ruwa, ta surfa masara, ta shirya 'yarsu Rini zuwa makaranta. Amma maganarta da shi ba ta wuce "sannu" da "ga ruwa" da "in ɗaga ka?" Ta yi wa kanta alkawari cewa harshen da ya jefo mijinta ƙasa ba zai sake yin wasa ba.

Tsoro biyu ne suka sa ta a tsakiya. In ta furta, ta san halin Mama Yosina, za a haɗa mata kayanta a mayar da ita gidan iyayenta, Rini kuwa 'yar gidan uba ce, babu mai bari ta bi ta. In kuma ta yi shiru, ta yarda har cikin ranta cewa shirun nata ne igiyar da ta ɗaure ƙafafun mijinta. Ga shi kuma Sefnat ya rage ci. Ta dafa faten masara da wake da ganyen kabewa yadda yake so, ya yi cokali uku ya mayar da fuska bango. Tana ji tana gani mutumin da ke ɗaukar buhu biyu a kafaɗa ya koma tana ɗaga shi ita kaɗai ba tare da nishi ba.

Ranar wata Litinin Mama Yosina ta tsaya a ƙofar ɗakin girki, zagayayyen ɗakin ciyawar nan mai hayaƙi inda damman masara ke rataye, ta yi magana kamar da masarar take yi.

"Na aika a kira Mama Orpa. Jibi za ta zo da 'yan ƙungiyar addu'arta. Tunda mu an raina mu ana ɓoye mana, ai akwai wanda ba a iya ɓoye wa."

Ludayi ya suɓuce daga hannun Nelci ya faɗa toka.

Wanda bai san Mama Orpa ba a ƙauyukan nan, baƙo ne. Tsohuwa ce mai sayar da tumatir da ganye a kasuwar Soe, karatunta bai wuce ta haɗa baƙi da ƙyar ba, amma tun tana budurwa Ruhu Mai Tsarki ya ba ta baiwar annabci. In ana addu'a, wani lokaci magana takan sauko mata, ta faɗa wa mutum abin da bai gaya wa kowa ba. Labarinta a bakin mutane ya fi ita kanta girma, har ana cewa goshinka kawai za ta kalla ta karanto abin da ka aikata tun kana goye. In da za ka lura, waɗanda ta taɓa yi wa magana fitowa suke ido a jiƙe amma kafaɗa a sake. Sai dai mutanenmu sun fi son labarin ban tsoro, shi ya fi daɗin faɗi a kasuwa. Nelci kuwa na tsoron kaɗai ya shiga kunnenta, mai kaza a aljihu ai ba ya jimirin as. Sau biyu a kwana biyun nan ta buɗe baki a gefen gadon Sefnat za ta riga tsohuwar faɗa, abin da ya fito shi ne, "In ƙara maka matashi?"

Ranar Laraba da rana ta karkata aka ji babura biyu suna ƙugi a hawan dutse. Mama Orpa ta sauko daga bayan ɗan acaɓa tana dafe da ƙugu, 'yar mitsitsiya da ita, tawul a ka saboda rana, silifas ɗinta ɗaya shuɗi ɗaya ja. Mata biyu na ƙungiyar suna biye da ita.

"Wayyo bayana! Yosina, duk faɗin ƙasar Allah ku rasa wurin zama sai ƙoƙon kan dutse?"

Aka shimfiɗa tabarma a inuwa, Mama Yosina ta tura mata ɗan kwandon pinang, don ba a fara magana da baƙo bakinsa fari. Tsohuwar ta haɗa da ganye da ɗan alli ta tauna a nitse. Sai da leɓenta ya yi ja sannan Mama Yosina ta matso.

"Yaya Orpa, mun tono mun gaji. Sau uku. Akwai mai ɓoye mana abu a gidan nan, ɗana kuma yana kwance yana ƙarewa. Ki duba mana ko wane ne."

"Dube ni da kyau, kin ga kaki a jikina? In 'yan sanda kike nema ai ofishinsu na nan kusa da tasha."

"Ai ke kina gani."

"Gani? Da idon da ba ya zura zare a allura? Ni 'yar aike ce, ƙanwata. In an ba ni saƙo in kawo, in ba a ba ni ba in sha kofinki in koma korar ƙuda a kan tumatir. Kuma shekara hamsin ina wannan aike, wanda yake aiko ni bai taɓa ba ni tsinke ya ce in je in tsokane idon wani ba. Wanda ya faɗi a ɗaga shi, wanda ya karaya a ƙarfafa masa gwiwa, don haka aka ba da baiwar. Wai ina kofin ne?"

Nelci ce ta kawo a kan faranti. Tsohuwar ta karɓa tana leƙen fuskarta.

"Ke ce matar? Ke ce Nelcin da aka ce ta sa fasto ya ƙware da dariya ranar bikin godiyar girbi? To ina bakin? Ko aronsa kika bayar?"

"Sannu da hanya, Mama," in ji Nelci, ta juya da sauri. Ta tabbata a ranta an riga an gano ta.

Aka taru a ɗakin Sefnat. Kawu Tobias ya zauna a kujera bakin ƙofa, Mama Yosina a wajen kan ɗanta, Nelci ta raɓe a ƙarshen gado wajen ƙafafu inda ta saba zama. Mama Orpa ta dafa kafaɗar Sefnat ta ce, "Ɗana, ya jiki?" Ya ce da sauƙi, amma da bango ya yi maganar. Aka yi waƙa biyu, sannan kowa ya ɗaga murya da addu'arsa lokaci guda yadda muke yi, ɗaki ya ɗauka kamar ruwan sama a kan kwano. A hankali muryoyin suka riƙa raguwa har ya rage tsohuwar kaɗai a durƙushe, ita ma ba ta cewa komai. Shirun ya yi tsawo har wata kaza ta shigo ta zagaya ƙarƙashin gado ta fita. Nelci addu'a ɗaya take maimaitawa a zuci: Ya Yesu, in za a faɗa, a faɗa da sauri.

Can numfashin Mama Orpa ya sauya. Hawaye suka gangaro ta cikin tamojin fuskarta, da ta yi magana kuma muryar ta yi ƙasa, babu ko ɗigon wasan ɗazu a cikinta.

"Ubangiji ya ce da gidan nan, ku ajiye fartanya, tonon ya isa."

Kawu Tobias ya gyara zama. Tsohuwar kuwa, ido a rufe, ta ja gwiwa ta wuce Mama Yosina, ta bi gefen gado tana lalube har hannuwanta suka kama tsintsiyar hannun Nelci. To, ranar wanka ta zo.

"Ubangiji ya ce, 'yata, ina gindin bishiyar nan a ranar. Na ji maganar, na kuma ji zuciyar da ta fito daga cikinta. Ban rubuta ta cikin laifi ba. Ke kika rubuta, kika yanke wa kanki hukuncin da ni ban yanke miki ba. Abin da na rubuta shi ne hannuwan nan. Duk safiyar da kika murza ƙafafun da ba sa jin ki, ni na ji, ban manta ko ɗaya ba. Ba na fushi da ke, 'yata, ban taɓa yi ba. Bakin nan ni na ba ki shi, don gidan nan na ba ki, ki daina rowarsa."

Wani sauti ya fito daga ƙirjin Nelci wanda ita kanta ba ta san nata ba ne. Wata biyu tana jiran sanda ta sauka a kanta, sai ga hannu ya shafa ta, shi kuma ba ta shirya masa ba. Ta kifa goshi a kan hannuwan tsohuwar ta yi ta kuka.

"Wace magana ce aka yi a gindin bishiyar?" in ji Kawu Tobias.

Mama Orpa ta buɗe ido, ta janyo tawul ta face hanci, muryarta ta kasuwa ta dawo.

"Ni ma ban sani ba, Tobias. Ba a gaya mini ba, ban kuma tambaya ba. Tsakaninta da Ubangijinta ne, ya kuma ce ya rufe. 'Yata, ba dole ba ne ki faɗa wa kowa."

Ɗan Adam sai a bar shi. Zama uku ana "faɗi, faɗi" ba a ciro ko kalma ba, amma da aka ce ba dole sai maganar ta taso da kanta. Nelci ta ɗaga kai ta dubi surukarta ido cikin ido.

"Mama, ni ce. Yana cikin saukowa na tsokane shi, na ce tsufa ne ya sa ya bar reshen sama. Shi ne ya koma. Da na ja bakina na yi shiru da yanzu yana gona. In za ki mayar da ni gida ki mayar, amma don Allah ki bari in koya wa wani yadda ake juya shi tukuna, in aka fara ta hagu yana jin ciwo."

Gadon ya yi ƙara. Sefnat ne ya dogara da gwiwar hannu ya juyo, abin da bai yi da kansa ba tun da aka dawo da shi.

"Maman Rini, wannan ce? Wannan ce ta sa wata biyu kina ce mini 'sannu' kamar ma'aikaciyar asibiti?" Ya tsaya ya mayar da numfashi. "Reshen nan tun safe nake zawarcinsa. Ruwa kawai zan sauko in sha in koma masa, ko kin yi magana ko ba ki yi ba. Allah ya sani na ma manta kin faɗa. Ni na zaci kin dube ni ne kin ga ba sauran namijin da za a tsokana. Na ce to, tunda na zama kaya, gara kayan ya rage nauyi."

Sai a lokacin Nelci ta gane cokali ukun nan, ta kuwa dafe baki da hannu biyu.

Mama Yosina ta miƙe ba ta dubi kowa ba ta fita. Kowa ya ɗauka fushi ne. Mama Orpa ta dafa gado ta tashi ta bi ta, Nelci ma ta bi baya, don in kora ce gara ta ji ta tsaye. Suka same ta zaune a kan turmin da aka kife, ta ba gidan baya.

"Yaya Orpa, gaya mini gaskiya. Zai tashi?"

"Ba a gaya mini ba."

"Ki sake tambaya mana."

"Na tambaya tun a kan babur, na tambaya a ɗaki. Abin da ba a ba ni ba, ba zan ƙera miki shi ba, ko da zai faranta miki rai yau."

Kafaɗun Mama Yosina suka fara rawa. Nelci ba ta taɓa ganin kukan matar nan ba, ko ranar da aka binne mijinta.

"To in ba laifin kowa ba ne, me zan gyara? Muddin akwai abin tonowa, ina da abin da nake yi wa ɗana. Yanzu kin zo kin karɓe, kin bar ni hannu wofi."

"Hannu wofi ai shi ke riƙe mutum, Yosina. Ga wata nan tsaye a bayanki."

Mama Yosina ta waiwayo. Ta daɗe tana kallon matar ɗanta, kamar yau ta fara ganin yadda ƙasusuwan wuyanta suka fito.

"Na san kina ɓoye abu. Na zaci shirin tafiya kike yi ki bar mini shi. Kullum da safe sai na leƙa in ga ko jakarki na nan."

"Ina za ni, Mama?"

"Zo nan, mai bakin tsiya."

Ta kamo wuyanta ta haɗa hancinta da nata yadda muke yi in an kashe rigima, ta daɗe ba ta sake ta ba. Da ta sake ta, ta share ido da gefen zane ta ce, "Shekara talatin ina ce wa ubansa rago, bai taɓa faɗowa daga ko'ina ba, don bai taɓa hawa ba." Mama Orpa ta tuntsire da dariya har sai da ta ƙware da pinang.

Kawu Tobias dai bai ji daɗin yadda aka ƙare ba tare da shi ba. Ya fito ya ce tunda an furta magana, ka'ida sai an yanka kaza an rufe ta. Mama Orpa ta ce, "Yanka, Tobias, amma don ciki, ba don laifi ba. Ka zaɓi mai ƙiba." Aka ci, aka yi addu'ar godiya, baƙi suka kama hanya tun rana ba ta faɗi ba saboda gangaren nan ba a yi masa wasa.

Da gidan ya yi tsit, Nelci ta zuba romo a kwano ta shiga wajen mijinta. Sauran hasken yamma na shigowa ta taga. Ta ajiye kwanon, ta tsaya jim, sannan ta ɗage bargon daga ƙafafunsa. Duk abin da ta ji yau ta ji, ta kuma yarda da shi, amma 'yar tudun nan ce, a ƙasan zuciyarta akwai mai raɗa mata cewa tunda ta furta, igiyar ta kwance. Ta zuba wa babban yatsansa ido. Ta taɓa shi, ta ɗan matsa, ta jira. Babu abin da ya faru, baƙin cikin kuma ya zo mata sabo fil kamar yau aka faɗo.

"Ba su motsa ba, Nel," in ji Sefnat a hankali.

"Na gani."

"Mai yiwuwa ba za su motsa ba."

"Na sani."

Yana kallon ta, ta kuma san abin da yake jira, ya fi romon da ta kawo. Ta lalubi harshenta ta ji ya yi nauyi saboda rashin aiki. Ta mayar da bargon ta lulluɓe ƙafafun da kyau.

"Da ma can ba wani abin kirki suke yi ba," ta ce, muryar tana karyewa a tsakiya. "Ranar da ka fara zuwa zance gidanmu, karen babana mai ƙafa uku sai da ya cim maka."

Sefnat ya buɗe baki kamar bai ji daidai ba. Sai dariyar ta kubce masa, ta gaske, irin mai fitowa daga ciki, har ya dafe haƙarƙari yana "wayyo bayana", hawaye na gangara masa cikin kunne. Nelci ta zube a gefen gado ta ɗora kai a kan gwiwoyinsa, tana dariya tana kuka ba ta san wanne ya fi yawa ba. Bai ji nauyin kan nata ba, sai ya miƙo hannu ya lalubo shi ya dafa.

"Karen nan ƙafa huɗu gare shi."

"Uku."

"Huɗu, Nel. Ni ya ciza, ni na ƙirga."

"Kana gudu kana ihu yaushe ka ƙirga?"

A tsakar gida Mama Yosina tana sheƙar masara, ta tsaya da faifai a hannu ta kasa kunne. Rini ta taho da gudu za ta shiga ta ga abin da ke faruwa, kakar ta riƙo ta ta zaunar da ita a gefenta. Suna wannan musun har romon ya huce.